Gurbin da Na Bari a Takarda

Mu Sarkawa ne. A Yawuri aka haife ni, a gidan da ake shanya kalli a kan danga yadda wasu ke shanya zane, kuma tun ban sauke izu biyu ba nake iya bambance tarwaɗa da kurungu a ƙasan kwale-kwale cikin duhu, da jin motsinsu kawai. Don haka ranar da aka ce za a sa ni a jirgin jan taru na teku in yi aikin ƙidayar kifi, ko gezau ban yi ba. A raina na ce ruwa ai ruwa ne. Shekarar 2006 ce, ina da shekara 26, na gama karatun harkar kifi a New Bussa, na kuma yi wata bakwai a Legas ina zaman jiran aiki a ɗakin wani ɗan garinmu a Agege.

Na je gida sallama. Na tarar da Baba a gindin mangwaro yana ɗinkin birgi, zare a baki. Da na gama bayani sai ya cire zaren ya ce, "Ruwan nan da za ka, ana hango tsallakensa?" Na ce, "A'a Baba, ba a hangowa." Ya ce, "Yana da Sarkin Ruwa?" Na ce akwai doka, akwai hukuma, akwai takardu. Ya mayar da zaren bakinsa ya ci gaba da ɗinki. Ban gane tambayar ba a lokacin. Na ɗauka tsoron nutsewa yake yi mini.

Bari in gaya maka abin da ya sa ake neman irinmu a wannan shekarar. Jiragen jan taru na Najeriya sun kai wajen 200 a lokacin, kuma yawancinsu jatan lande suke bi, don shi ke kawo kuɗin waje. A cikin jirgi ake daskarar da shi, a wuce da shi Turai. A farkon 2004 Amurka ta rufe wa jatan landenmu ƙofa, bisa wata dokarta da ta ce duk ƙasar da ke son sayar mata da shi sai ta nuna cewa tarunta ba ya halaka kunkurun teku. Kasuwar Amurka ba ita ce babba a wurinmu ba, amma abin ya zama tabo, ana kuma fargabar kada Turai ta bi sahu. Ga shi a 2005 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da lissafin cewa duk shekara ana zubar da kifi tan miliyan 7.3 a teku bayan an riga an kama shi, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan asarar daga jiragen jatan lande na ƙasashe masu zafi take fitowa. Doka dai muna da ita tun 1992: jirgin jan taru ba ya shiga mil 5 na farko daga gaɓa, an bar wa masu kwale-kwale, kuma idon jakar tarun jatan lande kada ya gaza milimita 44. Abin da ba mu da shi shi ne idon da zai ga abin da ake yi can inda ba a hango ƙasa.

Aka ba ni allon awo na katako mai tsawon mita ɗaya, sikeli mai ƙugiya, wuƙa, fensir shida da damin takardu. Wata malama mai bincike ce ta koyar da mu, mace mai sanyin murya da farin gilashi. Ta ce, "Ba wanda ya taɓa nutsawa ƙarƙashin teku ya ƙirga kifi. Da abin da kuka rubuto za mu gani." Ta bayyana mana abin a sauƙaƙe. In awa ɗaya ta jan taru ta ba da kifi kaza bara, bana ta ba da ƙasa da haka, kuma kifin da ke hawowa yana ƙara gajarta, to an bar cin riba an koma cin uwar kuɗi. Kowane ja sai in rubuta lokacin da aka saki taru da lokacin da aka ɗago, inda jirgi yake, zurfin ruwa, nauyin jatan lande, nauyin kifin da aka adana da wanda aka zubar. Sannan in ɗebi kwando guda in auna kowane kifi daga baki zuwa jela, in tsaga wasu in duba ƙwai. A can ƙarshen takardar, daga dama, akwai wani siririn gurbi na kifin da aka sauke ko aka sayar a kan teku. Ko kallo biyu ban yi masa ba.

Daga Kirikiri muka tashi da hantsi. Jirgin ƙarfe ne da bai fi mita 25 ba, tsatsa ta ci gefensa, yana da dogayen sanduna biyu da ake buɗewa hagu da dama kamar ungulu na shan hantsi, kowace tana jan nata tarun. Mu goma sha biyar ne har da ni. Muna fita bakin mashigar Legas ruwan ya sauya hali. Kogin Kwara da na sani gaba yake tafiya, wannan kuwa sama da ƙasa yake yi, ba hutu. Kwana uku ina kwance a kan siririn gado, warin man dizal da ƙarni sun cika mini ciki, duk abin da na sa a baki sai ya dawo. Wanda ya tsaya a kaina shi ne mai dafa abincin jirgin, wani dattijo ɗan zangon Sekondi ta ƙasar Gana. Da ya ji ina salati cikin wahala sai ya leƙo ya ce, "Kai, ɗan Malam, Hausa ne?" Hausarsa irin ta zango ce, wadda ba ta raba mace da namiji, amma a ranar ta fi mini kowace Hausa daɗi. Ya ba ni ɗanyar citta in tauna, ya jiƙa mini garin rogo. Shi ke nuna mini alƙibla duk lokacin salla, don jirgi ba ya zama fuska ɗaya. Baba Kuku nake ce masa.

Ɗagowar farko da na gani da idona a rana ta huɗu ce, mun riga mun yi gabas, muna daura da bakin kogin Forcados. Inji ya yi ta naɗe igiyar ƙarfe yana kuka. Allunan da ke buɗe bakin taru suka fito suna zubar da baƙin laka, sai sarƙar da ke kartar ƙasa don ta tayar da jatan lande, ta yi fari fes saboda gogar yashi. Can sai ga jakar ta taso, ta kumbura kamar tumbin sa, ruwa na tsiyaya. Shugaban ma'aikata ya fizge igiyar gindinta.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ba faɗuwa ba ce, zubowa ce, sannan wani ƙis-ƙis na dubban abubuwa masu rai suna mutuwa a lokaci guda. Tudun ya kai mini gwiwa. Akwai ƙaguwa suna tafiya a karkace a kan 'yan'uwansu, akwai kifi mai faɗi kamar tafin takalmi da idanunsa biyu a gefe ɗaya, akwai dogo siriri mai sheƙi kamar takobi, akwai dodon koɗi, tsumma, robar ruwa, reshen itace. Abin da ya fi yawa kuwa ƙananan kifi ne masu ƙyalli, tsawon yatsa, tsawon yatsa biyu, bakinsu a buɗe, wasu cikinsu ya fashe saboda awa uku da suka yi ana danne su a ƙarshen jaka. Ma'aikata suka durƙusa da hannu biyu suna tsintar jatan lande ɗaya-ɗaya, yadda mata ke tsintar tsakuwa a shinkafa, sai dai a nan tsakuwar ce ta fi yawa. Aka wanke shi, aka tsoma a ruwan magani don kada ya yi baƙi, aka jera a kwalaye gwargwadon girma, aka kai ɗakin sanyi. Manyan kifi aka zuba a buhu. Sauran aka tura gefe da shebur, tsuntsaye suka sauko.

Na tsuguna da allona. Hannuna na rawa, ba don jiri ba.

A kwanakin da suka biyo baya na saba, kuma wannan sabon shi ne abin da nake jin kunyarsa yanzu. Sau biyar, wani lokaci shida, ake ɗago taru tsakanin dare da rana. Na koyi sunayen kifin daga bakin ma'aikata. Na san jatan lande mai ruwan hoda, na asalin wannan gaɓar, wanda 'ya'yansa ke girma a cikin fadamun gishiri na bakin koguna kafin su fito teku. Na san babban nan mai zanen damisa, baƙo daga tekun Indiya da Fasifik, wanda ya fara bayyana a ruwanmu a ƙarshen shekarun 1990, kuma in guda ya faɗo sai ka ji an yi shewa. Amma kuroka ne ya tsaya mini a rai. Shi ne kifin da ake gasawa a gidajen cin abinci na Legas, kuma yana iya girma ya kusa cika allona. Wanda nake ɗorawa a kan allon kuwa santimita 11 ne, 13, 9, 12, 14. In tsaga ciki, ba komai. A duk waɗanda na tsaga a wannan tafiyar ban ga ƙwai a cikin wanda bai haura santimita 25 ba, kuma irin waɗannan sai in auna hamsin ban samu uku ba. Baba Kuku ya taɓa tsayawa a kaina da bokitin wanke-wanke ya ce lokacin da ya fara shiga jirgi, kurokan da ake dafa wa ma'aikata sai an sare shi gida huɗu kafin ya shiga tukunya.

Na san wannan labarin tun daga gida. A tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, akwai taru mai suna dala, mai ido ƙanana kamar gidan sauro, da ake ja daga bakin gaɓa don kama warangi. Yana kama warangin, yana kuma kwaso 'ya'yan giwan ruwa da na karfasa da na faliya. Baffana yana da dala biyu da yara ashirin masu ja. Baba kuwa mai kalli ne, shekara da shekaru yana kallon kamunsa na raguwa. Da aka hana dala a ƙarshen shekarun 1990, lokacin wani aikin haɗin gwiwa da Jamusawa, Baba na cikin waɗanda suka goyi baya a gaban Sarkin Ruwa. Baffa ya rasa sana'arsa, ya yi shekara uku ba ya taka gidanmu. Na ga kukan matansa, na kuma ga gaskiyar Baba. Da duka biyun na shiga jirgin nan, shi ya sa ban iya ƙin mutanen da ke cikinsa ba.

Maganar kunkuru ta zo a mako na biyu. A cikin kowane taru, gab da jaka, an ɗinka wani murfin ƙarfe mai sanduna a jingine, tazarar da ke tsakanin sandunan ba ta wuce inci 4 ba. Jatan lande ya ratsa ya shige jaka, babban abu kamar kunkuru ya bugi ƙarfen ya sulale sama ya fita ta wata ƙofa da aka yanka a jikin tarun. Dabara ce mai kyau, kuma tana aiki in an bar ta. Matsalar ita ce ruwan bakin kogunan nan cike yake da itace da leda, su toshe sandunan, jatan lande ya bi ƙofar ya tsere. Rabin abin da ma'aikaci ke kai wa gida kuwa daga ladan yawan kamu yake fitowa. Wata asuba na lura an ɗinke ƙofar tarun dama da farar igiya, ɗinki mai kyau, irin na wanda ya iya.

Kwana biyu bayan haka kunkuru ta faɗo tare da tudun kifi, a rigingine. Launin bayanta kore ne mai duhu, kamar zaitun. Baba Kuku ya duba jelar ya ce, "Gajere ne, mace ne." Kunkuru iska yake shaƙa kamar ni da kai, dole ya riƙa tasowa sama, ita kuwa ta yi awanni a ƙasa. An koya mana abin yi. Na kifa ta a kan cikinta a inuwa, na ɗaga bayanta da tsohuwar taya don ruwa ya fito daga huhu, na rufe ta da jiƙaƙƙen buhu. Ruwa mai kumfa ya riƙa ɗiga daga hancinta. Na taɓa gefen idonta, kamar ya motsa. Na zauna da ita har la'asar, ina zuwa in auna kifi in dawo. Wani yaro daga cikin ma'aikata, wanda nake zaton shi ya yi ɗinkin, shi ma ya zo ya tsuguna yana zuba mata ruwa da gwangwani, bai ce komai ba. Da magariba idon ya daina motsi. Na auna ƙoƙon bayanta, santimita 68, na rubuta. Na rubuta har da ɗinkin. Washegari da safe na tarar an warware igiyar, kuma ba a sake ɗinkewa ba har muka dawo. Wannan kam na yi shi yadda ya kamata.

Wanda ban yi ba da dare ya zo.

Muna can gabas sosai, daura da Brass, inda wutar iskar gas ke ci a sararin sama har ruwa ya yi ja. A waɗancan shekarun 'yan fashin teku sun addabi jiragen kamun kifi. Suna hawowa da bindigogi su kwashe kuɗi da na'urori, su yi duka, wani lokaci su kashe. Abin ya ci gaba da tsananta har a farkon 2008 masu jirage suka janye jiragensu daga teku. Kullum hirar da ake yi ke nan a wurin cin abinci. To wani dare wajen ƙarfe biyu na farka na ji injinmu ya rage gudu, an kashe fitilun waje, kuma daga nesa ƙarar ƙaramin inji na matsowa. Ba ɗaya ba, biyu ko uku. Na ji wani abu ya bugi jikin jirgi. Na ji muryoyi da harshen da ban sani ba. Jikina ya mutu. Na jawo takalmina na rungume, na rasa dalili, na yi ta maimaita kalmar shahada, ina tuna Inna da yadda za a kai mata labari ba gawa. Minti nawa na yi a haka, Allah ne masani.

Sai na ji dariya. Dariyar ɗaya daga cikin mutanenmu.

Na lallaɓa na leƙa. Manyan kwale-kwale ne masu inji, an ɗaure su a gefenmu. Ana miƙa musu buhuna, suna miƙo kuɗi, da jarkokin ruwa, da ayaba, da taba. Buhunan cike suke da ƙananan kifin nan, waɗanda tun kwana biyu na lura an daina turawa ruwa, ana tarawa a bayan ɗakin sanyi. Yamayama suke kiransa, wato tarkace. Mata ne a ƙauyukan gaɓa ke saye su busar a kan wuta, ya shiga kasuwa, talaka ya samu na miya. A karon farko har wani sanyi na ji: ashe ba duka ke tafiya a banza ba. Sai daga baya na gane ɗaya fuskar. Abin da ake zubarwa ba wanda ke nemansa, amma abin da ake sayarwa nemansa ake yi. Inda ƙananan kifi suka fi yawa kuwa shi ne kusa da gaɓa, cikin mil biyar ɗin nan da aka hana. Na fara lura cewa a wasu darare ina jin ƙamshin hayaƙin itace daga ƙasa, ina hango fitilun ƙauye, alhali lambobin da ake ba ni daga ɗakin tuƙi suna cewa muna can nesa.

Da safe kyaftin ya kira ni. Bai ɗaga murya ba. Ya zuba mini shayi, ya tambayi iyayena, ya nuna mini hoton 'ya'yansa mata uku da rigar makaranta. Ya faɗa mini albashin ƙaramin ma'aikaci, kuɗin da ba zai biya hayar ɗaki a Ajegunle ba. Ya ce in maganar nan ta hau takarda, kamfani zai ce an saci kifinsa, mutum goma sha huɗu za su rasa aiki, ni kuma in koma ofis. Da na fito, wani daga cikin manyan ma'aikata ya matsa mini hanya, ya ce in riƙa kula da dare, bene na da santsi. Wataƙila nasiha ce kawai. Ni dai ba haka na ji ta ba.

Na bar gurbin ba komai. Ban rubuta ƙarya ba, haka na riƙa gaya wa kaina. Ban dai rubuta ba.

Amma hannuna ya ƙi zama. Ina da ɗan littafin aljihu da nake rubuta addu'o'i, sai na koma bayansa na fara sa lissafin da ajami, don na san ba mai iya karantawa: daren kaza, kwale-kwale kaza, buhu kaza. Ina ƙirgawa ta tagar banɗaki. Wata rana ina rubutu a bayan kicin sai na ji numfashi a kaina. Baba Kuku ne. Ya karanta layi biyu a hankali, leɓɓansa na motsi, don shi ma allo ya yi a zango. Ya ce, "Kifi na ganinka, mai jar koma." Ya ɗauki tukunyarsa ya wuce. Bai gaya wa kowa ba. Daga ranar ya riƙa ajiye mini abinci a kicin, ya ce in daina ci a waje da dare.

Akwai wata safiya da har yau take dawo mini. Gari ya waye muna kusa da ƙasa fiye da kullum, ana hango itatuwan fadama. Da aka ɗago tarun hagu sai ga wani taru daban ya naɗe a jikin allon, siririn zare, da 'yan tulluwan roba da aka yanka daga tsofaffin silifa. Kalli ne. Mun bi ta kansa cikin dare mun yage shi. Can sai ga ƙaramin kwale-kwale ba inji, mutum biyu, dattijo da yaro. Dattijon ya miƙe tsaye yana ɗaga guntun igiyar da ya rage masa, yana magana da ƙarfi. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na san abin da yake cewa, na san kuma watanni nawa ake tara kuɗin kalli irin wannan. Tsayuwarsa a cikin kwale-kwalen, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, irin ta Baba ce sak. Aka yanke zaren da wuƙa aka jefa ruwa. Jirgi ya juya. Yaron bai daina kallonmu ba har suka zama ɗigo. A takardata ba gurbin da aka tanada don wannan.

Kwana 43 muka yi. Na sauka Kirikiri ƙasa na yi mini rawa a ƙarƙashin ƙafa. Na miƙa takarduna, aka yaba da tsabtar aikin, aka yi magana a kan kunkurun da ɗinkin, aka ɗauki mataki. A watan Janairun 2007 Amurka ta sake buɗe wa jatan landen Najeriya ƙofa, na kuma yi murna da gaske, don na ga mutanen da suka sha wahalar koya wa ma'aikata ɗinka ƙarfen nan daidai, na kuma san kunkuru nawa zai tsira. Sai dai takardar shaidar da Amurka ta bayar ta kunkuru ce. Ba ta ce komai a kan kuroka mai santimita 11 ba.

Wata rana malamar nan ta kira ni in taya ta duba abin da aka shigar a kwamfuta. Na zauna kusa da ita tana gangarawa layi-layi. Da muka kai gurbin ƙarshe sai na ga an cike shi. Sifili, sifili, sifili, tun daga sama har ƙasa. Wanda ya shigar bai yi laifi ba, abin da ya gani ya sa. Ta nuna mini yadda lissafin ke tafiya: a haɗa abin da aka adana da wanda aka zubar da wanda aka sayar, a samu jimillar abin da aka cire daga ruwa, a gwada da abin da kifin ke iya mayarwa ta haihuwa. In jimillar ta yi ƙasa da gaskiya, sai lissafi ya nuna akwai sauran wuri, a ƙara lasisi, a ƙara jirage. Ta ce abin ya ɗaure mata kai, don a rabin tafiyar kifin da ake zubarwa ya ragu ƙwarai ba tare da dalili ba. Ta cire gilashinta ta dube ni ta ce, "Ko ka lura da wani abu?" Littafin yana aljihuna na ƙirji. Ina jin kaurinsa. Na ce, "A'a, Malama."

Da Babbar Salla na je gida. Dare ya yi, an watse, muka rage ni da Baba a kan tabarma da fitilar ƙwai. Ban shirya faɗa ba, ya fito da kansa, tun daga daren kwale-kwale har zuwa dattijo mai kalli da sifilin kwamfuta. Bai katse ni ba. Da na gama ya miƙo hannu. Baba bai yi boko ba, duk takardun da na taɓa kawowa gida sai dai ya shafa ya sa albarka, amma wannan rubutun nasa ne, shi ya fara koya mini shi. Ya matso da fitila, ya buɗe bayan littafin, ya sa yatsa ya fara karantawa a bayyane, a hankali, yadda yake karanta wasiƙa. Daren Talata, kwale-kwale biyu, buhu goma sha tara. Daren Alhamis, uku, buhu talatin da ɗaya. Bai tsallake ko ɗaya ba. Dare goma sha huɗu ne, ya karanta su duka, ni kuma ina zaune ina jin kowane buhu da muryarsa.

Ya rufe littafin ya riƙe shi a tafin hannu kamar yana auna nauyinsa. Ya tambaye ni ko mutanen jirgin za su rasa aiki. Na ce mai yiwuwa ne, sai dai in na roƙi malamar ta ɗauki lissafin ba tare da sunan jirgi ba. Ya ce, "To ka roƙe ta." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baffanka ma sai da ya dawo gidan nan."

Ranar Litinin da yamma Inna ta ƙulle mini busasshen kifi da ƙuli-ƙuli a leda. Baba ya raka ni har tasha, abin da bai taɓa yi ba. Na shiga motar dare mai zuwa Legas, na zauna kusa da taga, na sa littafin a aljihun ciki na maɓalle shi.